Wasan Allo Mai Taya, Filinsa da Kiɗansa: Wani Tsokaci Daga Kano

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayanin wani wasan matasa wanda Turawa ke kira siketbod, mu kuwa a nan za mu kira shi wasan allo mai taya. Za a duba asalinsa, da irin filin da yake bukata, da kiɗan da ke tafiya tare da shi. Daga nan sai a waiwayo gida Kano, musamman Hotoro da unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, a ga abin da tarihin wasan zai koya mana. Ra'ayin da za a kafa shi ne, wannan wasa ɗan daɓe ne: inda duk aka sami daɓen siminti mai santsi wanda manya suka yi watsi da shi, nan yake tsira.

2.0 Allon da Asalin Wasan

Shi dai allon katako ne mai falle bakwai da aka manne da gam, tsawonsa kamar santimita 80, faɗinsa kamar 20, da tayoyi huɗu ƙanana a ƙarƙashi. Mai wasa yakan ɗora ƙafa ɗaya a kai, ya tunkuɗa ƙasa da ɗayar, sa'an nan ya sarrafa allon da nauyin jikinsa. Da yake tayoyin ba su cika wuce santimita 6 ba, tsakuwa guda tana iya kā da mutum. Wannan ne ya sa daɓe ya zama ran wasan.

An fara shi ne a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, a hannun masu hawan igiyar teku da allo, waɗanda ke neman abin yi ran da teku ta lafa. A farkon shekarun 1970 wani mai suna Frank Nasworthy ya fito da tayar roba mai kama ƙasa, wadda ta maye gurbin tayoyin da da ke zamewa. Sai kuma fari ya auka wa Kalifoniya a 1976 da 1977, masu gidaje da yawa suka bar kududdufan wankansu na siminti ba ruwa. Yara suka riƙa faɗawa ciki da alluna, suna hawa bango suna saukowa. Watau abin da ya zama hasara ga masu gida, shi ya zama makaranta ga yara.

3.0 Filayen Wasan

Da 'yan kasuwa suka ga haka, sai suka shiga gina filaye na musamman masu kwari da tudu, irin wanda aka buɗe a Carlsbad a 1976. Amma kafin farkon shekarun 1980 galibinsu sun rufe, domin kuɗin inshora ya fi ƙarfinsu. 'Yan wasa suka koma kan titi, wasu kuwa suka ɗauki cebur da kansu. A 1990 matasan birnin Portland suka fara zuba siminti a ƙarƙashin gadar Burnside ba tare da izini ba, daga baya hukuma ta amince da wurin.

Irin wannan taimakon kai da kai shi aka gani a Afirka. A tsakiyar shekarun 2000 matasan unguwar Kitintale a Kampala suka gina nasu fili da hannunsu. Na Addis Ababa ya samu a 2016. Na Accra, wanda ƙungiyar Surf Ghana ta jagoranta, an buɗe shi a Disamba 2021, amma rigimar mallakar fili ta taso a kansa a 2023. A Legas, ƙungiyar WAFFLESNCREAM ta buɗe kanti a 2017, sa'an nan ta sami fili a Freedom Park a 2024, harabar da a da kurkuku ce ta zamanin Turawa. Har ila yau wasan ya shiga gasar Olamfik da aka yi a Tokyo a 2021, inda wata yarinya 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci zinariya.

4.0 Kiɗan da ke Tare da Wasan

Ba a raba wannan wasa da kiɗa. A ƙarshen shekarun 1970 ya ƙulla abota da kiɗan fank-rok, mai sauri da hargowa, wanda ya dace da halin yaran da ake kora daga wannan gida zuwa wancan. Mujallar Thrasher, wadda aka kafa a 1981, ta fara fitar da jerin kaset mai suna Skate Rock a 1983. Da wasan ya yi ƙarfi a titunan New York a shekarun 1990, sai kiɗan hip-hop ya shigo. Bugu da ƙari, 'yan wasa sun saba ɗaukar bajintarsu a bidiyo, kowa da waƙar da ya zaɓa a ɗora a kan nasa kashi, har waƙar ta zama tamkar takensa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Ɗan dambe ba ya shiga fage sai makaɗi ya zuga shi, kuma da wuya a ambaci Shago ba a tuna da Ɗan Anace ba. Hatta daɓen ɗaki na gargajiya, da waƙa mata ke yin sa. Abin lura shi ne, a ko'ina wasan kan ari kiɗan matasan wurin ne. Saboda haka idan ya zauna a Kano, ba dole ne ya zo da kiɗan wasu ba. Akwai masu waƙar hip-hop da Hausa, ga kuma kalangu.

5.0 Halin da Ake Ciki a Kano

Abin da aka fi gani a titunanmu shi ne ɗan'uwan wannan wasa, watau takalmi mai taya. Akan ga samari sun kama bayan a-daidaita-sahu ko mota tana jansu. Mai bin Hotoro ya san irin hatsarin da ke cikin haka, ganin cewa nan ne ma'ajiyar man fetur take, ga titin Maiduguri, ga hanyar da ta kewaye gari ta gabas, tankoki da tireloli ba dare ba rana. Yaran nan ba ganganci kaɗai ke kai su kan kwalta ba. Kwalta ita ce daɓe mafi santsi da suke iya samu kyauta.

A ɗaya gefen kuma, tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986, haɗe da ƙarancin wutar lantarki da kwararar kayan waje, masana'antu da dama a Bompai da Sharaɗa da Challawa sun daina aiki. Sun bar manyan zauruka masu rufi da daɓen siminti wanda aka zuba domin ɗaukar injuna. Waɗannan su ne kududdufanmu da ruwa ya ƙafe. Muna da yara masu taya ba daɓe, muna da daɓe ba mai takawa.

6.0 Kammalawa

Ba a nufin yara su haura katangar kowa. Shawarar ita ce, hukuma da masu masana'antu da ƙungiyoyin unguwa su zauna, a ware zaure guda na gwaji. Darasin Accra shi ne a fara da takardar yarjejeniya kafin buhun siminti. Darasin Carlsbad da takwarorinsa shi ne a shirya wa rauni tun farko, da hular kwano da matashin gwiwa da mai kula. Darasin Kitintale kuwa shi ne a bar matasan su sa hannu a ginin, domin abin da mutum ya daɓe da guminsa ba ya barin ya lalace. Ya rage ga masana da ke wannan taro su bi sawun yaran nan, su tattara kalmomin da suke ƙirƙira da waƙoƙin da suke saurare, tun abin yana ɗanye. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.