Mace a Kujerar Horarwa: Tarihin Aikin Katie Schumacher-Cawley

Ƙwallon raga wasa ne da ya dace da makarantun 'yan mata irin waɗanda ke Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, domin ba ya bukatar komai sai fili da raga da ƙwallo, kuma babu gogayyar jiki a cikinsa. 'Yan wasa shida ne a kowane ɓangare, ba a taɓa ƙwallo fiye da sau uku kafin a tsallakar da ita, wanda kuwa ya riga cin turmi uku cikin biyar shi ne da nasara. Abin da ya fi raga wuyar samu shi ne mace mai horarwa, alhali iyaye da dama sun fi sakin jiki idan mace ce ke kula da 'ya'yansu. Wannan maƙala za ta duba yadda matsalar ta kasance a jami'o'in Amurka, inda aka ƙirƙiro wasan a 1895.

A shekarar 1972 aka kafa wata doka a Amurka wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata. A wancan lokaci fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata a jami'o'i mata ne ke horar da su. Amma da kuɗi da daraja suka shigo, sai maza suka yi caa a kan aikin, har rabon mata ya koma ƙasa da rabi. Aka fara gasar ƙasa ta manyan jami'o'i a 1981, kuma shekara 43 babu mace shugabar masu horarwa da ta ɗauki kofin. Mary Wise ta Jami'ar Florida ta kai wasan ƙarshe a 2003 da 2017, duka aka doke ta.

Katie Schumacher-Cawley 'yar birnin Shikago ce. Ta yi wasa a jami'ar da ake kira Penn State a ƙarƙashin Russ Rose, tana cikin tawagar da ta ci kofin farko na makarantar a 1999. Ba dare ɗaya ta hau sama ba. Ta shugabanci ƙungiyar Jami'ar Illinois reshen Shikago daga 2009 zuwa 2016, ta yi shekara guda a Filadelfiya, sa'an nan a 2018 ta ajiye shugabanci ta koma mataimakiyar tsohon malaminta. Wasu za su ga wannan kamar ci baya ne, to amma shi ya ba ta damar gadon kujerar a 2022, bayan Rose ya yi murabus da kofuna bakwai. Gadon irin wannan mutum kaya ne mai nauyi.

A watan Oktoba na 2024 ta bayyana cewa tana fama da ciwon dajin mama. Ta ci gaba da tsayawa a bakin fili tana karɓar magani. A wasan kusa da na ƙarshe Nebraska ta cinye turmi biyu na farko, 'yan matanta suka farfaɗo suka kwashe ukun da suka rage. Ran 22 ga Disamba suka doke Louisville da ci uku da ɗaya, a garin Louisville ɗin kansa.

Abin lura a nan shi ne mai horar da Louisville, Dani Busboom Kelly, ita ma mace ce, wato ko ta ina wasan ya faɗi mace ce za ta ɗaga kofin. Wata guda bayan haka, John Cook na Nebraska ya yi murabus, aka miƙa wa Busboom Kelly kujerarsa.