Ya yi kuka, ya rantse, ya koma: ina rantsuwar ta tafi?

Wanda ya zauna cikin Hausawan Tamanrasset, a Gataa el-Wad ko Tahaggart, ya san irin wannan labari. Yaro ya baro Kance ko Matamai, ya bi ta Agadas da Arlit da Asamaka, ya shigo ta In Gezam, ya samu aikin gini ko ya nufi ramin zinariya. Aiki ya yi nauyi, sai ya fara haɗiyar ƙwaya don ƙarin ƙarfi. Daga taramol da firigabalin, wasu kan zarce zuwa abin da ya fi zafi, wato hodar iblis da dangin amfetamin, masu hana barci da zaburar da jiki. Hodar kuwa ta saba da hanyoyin hamada: ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce daga 2015 zuwa 2020 abin da ake kamawa a ƙasashen Sahel kimanin kilo 13 ne a shekara, amma a 2022 ya kai kilo 1,466.

Ranar da asiri ya tonu, manya su zaunar da shi. Ya yi kuka, ya ce "Baba, wallahi na daina," kuma duk wanda ya dubi idonsa ya san har zuciyarsa yake faɗa. Kafin wata ya zagayo ya koma. Me ya cinye rantsuwar?

Abin da aka fara zargi shi ne taurin kai. Sai dai a asibitocin Amurka ma, mutanen da suka kawo kansu da ƙafarsu suna neman magani, da yawa kan watsar da shi tun ba a je ko'ina ba. Mai taurin kai ba ya kai kansa asibiti.

Sai aka zargi jiki. Ga mai shan taramol ko hiroyin akwai gaskiya a nan, don ranar da ya rasa, gaɓoɓi ke ciwo, ciki ya ɓaci, kuma likitoci na da magungunan da ke sauƙaƙa masa. Mai barin hodar iblis kuwa, abin da ya fi damunsa barci ne da yunwa da baƙin ciki, kuma har yau babu wani magani da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan jaraba. Magana ce maganin: a zauna da mutum, a koya masa yadda zai kauce wa abin da ke jan sa. To, in magana ce magani, ina take zuwa bayan ta shiga kunne?

A nan aka samu bakin zaren. A Jami'ar Kolombiya da ke New York, Efrat Aharonovich da abokan aikinta sun gwada ƙwaƙwalwar masu shan hodar iblis kafin a fara yi musu magani. Sakamakon da suka fitar a 2003 da 2006 ya nuna cewa waɗanda suka gudu ba su ƙarasa ba, su ne suka fi rauni wajen tattara hankali da riƙe abin da aka faɗa musu. Hotunan ƙwaƙwalwa da Nora Volkow ta wallafa a 2001 sun riga sun nuna irin ɓarnar da metamfetamin ke yi wa hanyoyin sinadarin dofamin. Ashe nasiha na shiga, wurin ajiyarta ne ya lalace.

Wani mai bincike, Warren Bickel, ya zo da wata tambaya mai sauƙi. A ce wa mutum: ga dinari 1,000 yau, ko 2,000 bayan wata guda, wanne ka ɗauka? Kowa ya san ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma ga mai jaraba abin ya wuce kima. Da zarar lada ya yi nisa kaɗan, sai ya zama kamar babu shi. Kuma an lura cewa wannan gaggawa tana tafiya da raunin riƙon ɗan lokaci na ƙwaƙwalwa, irin wanda mai shago ke haɗa lissafin kaya biyar da shi a ka. Wanda ba ya iya riƙe gobe a ransa a lokacin da ake miƙo masa ƙullin hoda, yau ce za ta ci shi.

Daga nan kwamfuta ta shigo. In riƙo ne ya yi rauni, ko atisaye zai ƙarfafa shi? A 2011 Bickel ya fitar da gwajin mutum 27 da ke jinyar wannan jaraba. Wasu sun yi ta maimaita jerin lambobi da kalmomi a gaban kwamfuta, gaba da baya. Sauran sun ga shiri iri ɗaya amma an nuna musu amsoshin. Waɗanda suka sha wahalar tunawa sun koma suna iya jiran lada mai nisa. A Cape Town ma, Samantha Brooks ta ba masu shan metamfetamin wasan tunawa na mako 4, suka ce sun fi iya kame kansu.

Da nan labarin ya ƙare, da an huta. Amma mutum 27 ba su da yawa, kuma abin da aka auna zaɓi ne a gaban allon kwamfuta, ba yawan hodar da mutum ya sha bayan an sallame shi ba. Tun 2010 Adrian Owen ya gwada wasannin horar da ƙwaƙwalwa a kan mutum 11,430 a Birtaniya har mako 6: sun gwanance a wasannin, gwanintar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyuka ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan masu shaye-shaye, wasu sun ga amfani, wasu ba su gani ba. A ganina, duk mai sayar da manhajar wasa da sunan maganin jaraba ya yi gaban hujja.

Amma binciken bai tashi a banza ba, don ya bayyana dalilin da wasu hanyoyi biyu suke aiki. Kathleen Carroll ta Jami'ar Yale ta zuba darussan kauce wa shaye-shaye cikin kwamfuta, da gajerun finafinai masu nuna yadda ake cewa a'a, mutum ya maimaita iya son ransa. A gwajinta na 2014 a kan mutum 101, kashi 36 cikin 100 na masu amfani da shirin sun yi mako 3 a jere ba hoda, sauran kuwa kashi 17. Shi kuma Stephen Higgins, tun farkon shekarun 1990 a Vermont, yana ba da ɗan tukuici nan take duk sanda fitsarin mutum ya fito da tsabta, tukuicin na ƙaruwa muddin bai karya ba. Ɗaya ta taimaki mai mantuwa da maimaici, ɗayar ta jawo ladan gobe zuwa yau. Hotunan Volkow kuma sun nuna ƙwaƙwalwa na farfaɗowa, sai dai tana neman fiye da shekara.

Ke nan rantsuwar yaron gaskiya ce, abin da zai riƙe masa ita ne ƙwaya ta raunana. Dokar Aljeriya ta 2004 ta ɗage tuhuma daga wanda ya bi jinyar da likita ya tsara masa, amma mara takarda tsoron a mayar da shi Asamaka ke hana shi kusantar asibiti. Don haka nauyin ya dawo kanku, shugabannin Hausawan Tamanrasset da malamanmu. Ku raka yaron wurin likita da kanku. Ku sa masana su naɗi gajerun darussa da Hausa a tura masa a waya, ku duba shi kowane mako, ku ba shi tukuicinsa a ranar, kuma kada ku sallame shi kafin shekara ta zagayo.