Wasa Ƙwaƙwalwar Musayar Hankali a Shirin Futurama

Futurama shirin zane ne mai motsi na talbijin ɗin Amurka, wanda ke ba da labarin rayuwar mutane shekara dubu nan gaba. A wani kashi da aka nuna a 2010, mai suna "The Prisoner of Benda", Farfesa Farnsworth da Amy sun ƙera na'ura mai musayar hankalin mutum biyu, wato hankalin wannan ya koma jikin wancan. Sai dai na'urar tana da sharaɗi: jiki biyun da suka taɓa musaya ba za su sake yi da juna ba. Da mutane da yawa suka cakuɗe, sai tambaya ta taso: shin kowa zai iya komawa jikinsa?

Marubucin kashin, Ken Keeler, yana da digirin dakta a lissafi daga Jami'ar Harvard. Ya tabbatar cewa komai yawan mutanen, kuma komai munin cakuɗewar, baƙi biyu da ba su taɓa shiga na'urar ba sun isa a warware matsalar.

Ga misali mafi sauƙi. A ɗauka jikin A da jikin B sun yi musaya. Idan baƙo ɗaya ne, wato C, sai ya yi musaya da A, sannan da B. Yanzu B ya koma daidai, amma hankalin A yana jikin C, na C kuma yana jikin A, ga shi sun riga sun yi amfani da damarsu. An makale ke nan.

Idan kuwa aka ƙara D, musaya 5 ta wadatar: A da C, B da D, A da D, B da C, sannan C da D. A mataki na uku A ya sami hankalinsa, a na huɗu B ya sami nasa, a na biyar baƙin biyu suka daidaita.

Sirrin shi ne jikin baƙo kamar ma'aji yake, yana riƙe hankali kafin a miƙa shi ga mai shi. In mutane suna da yawa, sai a kasa su rukuni-rukuni, a warware kowane rukuni da baƙin nan biyu, a ajiye musayar C da D sai ƙarshe, in an bukace ta.