Tsohon Kwabo Mai Huji: Tsufa Ba Shi Ne Tsada Ba

Na gaji da jin wannan magana a bakin samari, a rumfunan Kasuwar Kure da ke Minna da kuma a Facebook: wai duk wanda ya samu tsohon kwabo mai huji ya gama da talauci, domin Turawa na sayensa da miliyoyi. Wasu har akwatin kakanninsu suke fasawa suna neman anini da sisi da taro.

A sani, ba shekaru ke sa kwabo tsada ba, ƙarancinsa ne. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1912 ta yi shekaru tana zubo anini da kwabo miliyoyi a Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya. Abin da ya cika ƙasashe huɗu, ta yaya zai yi wuyar samu? Ko kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a gadon sarauta ba, an buga shi da yawa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Haka kwabon Tarayyar Najeriya na 1959, balle na 1973 mai hoton rijiyar mai. Batun wai akwai wani sinadari a cikin tsohon kwabo kuwa, ƙarya ce tsagwaronta. Tagulla ce da dangoginta. In an nuna maka maganaɗisu ya kama kwabo wai shaidar sinadarin ke nan, ba abin mamaki ba ne: waɗanda aka fitar a 1991 ƙarfe ne aka yi wa rufi.

Abin da masu tara tsabar kuɗi ke bi shi ne bambancin hatimi, wato ƙarfen da ake danna wa kwabo zane da shi. In hatimin ya samu aibu, duk kwabon da ya fito daga gare shi zai ɗauki aibun. A Amurka, a 1955, rubutun wani hatimin santi ɗaya ya fito biyu-biyu, kwabo kusan dubu 20 suka shiga hannun jama'a, yau mai kyau daga cikinsu yana haura dala dubu. A namu ma akwai kwabon 1956 da aka buga bisa kuskure da sunan Sarki George na Shida, alhali ya rasu tun 1952.

To, in kana da tsofaffin kuɗi, ga abin yi. Kada ka wanke. Masu goge kwabo da toka ko lemun tsami ko yashi don ya yi ƙyalli, da hannunsu suke kashe darajarsa. Riƙe shi ta gefe, ka samu gilashi mai ƙara girma sau goma, ka zauna inda haske yake. Duba shekara, sannan ƙananan haruffan da ke nuna masana'anta: H da KN duk na Birmingham ne, SA na Pretoria. Ka ajiye shi kusa da wani na shekara ɗaya ka gwada harafi da harafi. Ninkin hatimi na gaskiya yana fitowa tudu, ƙarshen harafin a rabe. Wanda ya kwanta shafal kamar inuwa, girgizar inji ce kawai, ba a biyan komai a kansa. Lotsewa da tsatsa kuwa lalacewa ce. Kowane kwabo a naɗe shi a takardarsa daban, nesa da danshi.

Duk wanda ya ce ka fara turo kuɗin gwaji ko na rajista kafin ya haɗa ka da mai saye, ɗan damfara ne. Mai saye na gaske shi ke biya, ba a biyansa. Jama'a, mu adana kuɗin kakanninmu don tarihi, mu nuna wa yara, mu bar kwaɗayin da ke kai mutum hannun macuta.