Ƙwayoyi Takwas, Ɗaya Ke Shan Wahala

Manhajar da muke saukewa a waya ko kwamfuta ba haka take fitowa daga hannun masu rubuta ta ba. Su rubutu suke yi da yarukan irin su C da C++, a fayiloli dubbai, sannan wata manhaja kamar GCC ta mayar da kowane fayil yaren da na'ura ke ji, a ƙarshe a ɗinke su wuri guda. Wannan aikin shi ake kira gini, kuma yana cin lokaci. Zuciyar Linux kaɗai ta haura layi miliyan 30, balle Chromium, tushen manhajar Chrome, da kan kwashe sa'o'i a kwamfutar gida.

A da, maganin jira shi ne a sayi sabuwar furosesa, tunda kowace shekara gudunta ƙaruwa yake. A 2004 abin ya ci tura: zafi ya yi yawa, har Intel ya fasa fitar da Pentium 4 mai gudun 4 GHz. A 2005 shi da AMD suka fara sayar da furosesa mai ƙwaya biyu ga jama'a, kowace ƙwaya na iya aikinta daban. Yau takwas ba abin mamaki ba ce. Sai dai ƙwayoyin ba sa raba aiki a tsakaninsu don kansu, sai an ba su.

Mai rabon, a mafi yawan manhajojin Linux, wani tsohon kayan aiki ne mai suna make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a 1976. Yana karanta fayil mai suna Makefile, inda aka rubuta abin da ya dogara da wani. In an bar shi da halinsa, ɗaya bayan ɗaya yake bi, ƙwayoyi bakwai na zaman kashe wando. Da ka ƙara masa -j8, sai ya saki ayyuka takwas lokaci guda. A cikin nau'ukan Linux, masu Gentoo suna sa wannan a MAKEOPTS, masu Arch a makepkg.conf. Ninja kuwa, wani mai rabon irin make wanda Evan Martin ya ƙirƙira saboda ginin Chrome, ba ya ma jiran a gaya masa.

To amma kar a yi zaton ninki takwas za a samu. Ko magina nawa ka tara, ba a ɗora rufi sai bango ya tashi. Gene Amdahl ya yi wannan bayani tun 1967: in kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, ƙwayoyi takwas ninki 4.7 za su ba ka, goma sha shida su ba ka 6.4, kuma ko dubu ka zuba ba za ka kai ninki goma ba. A gini, binciken farko na configure da ɗinkin ƙarshe su ne suka daɗe suna riƙe kowa. Shi ya sa Rui Ueyama ya fito da mold a 2021, maɗinki mai amfani da ƙwayoyi da yawa. Ga kuma RAM: Gentoo na ba da shawarar a ware wa kowane aiki kusan gigabait 2. Mai gigabait 8 da ya buga -j16 a babbar manhajar C++, kwamfutarsa ce za ta sandare.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda gini a tare ke tona asiri. Sau da yawa marubuci kan manta bai rubuta cewa wannan fayil na buƙatar wancan ba. Muddin ana bi ɗaya bayan ɗaya, sa'a na rufa masa asiri, domin wancan ɗin yakan riga zuwa. Shekaru sai su wuce ba wanda ya sani. Ranar da aka saki ayyuka takwas, sai wani ya nemi fayil ɗin da ba a gama ba, gini ya rushe. A sake gwadawa, ya tafi lafiya lau. Irin wannan matsala mai zuwa yau ta ɓace gobe ita ce mafi ban haushi, kuma da yawa sukan ɗora wa -j laifi su koma -j1. A ganina wannan rufe ido ne, kuskuren na nan kwance a Makefile.

Debian, wani nau'in Linux, ta ɗauki matsaya a 2016, lokacin da kayan gininta, debhelper 10, ya mayar da gini a tare abin da ake yi kai tsaye, wanda manhajarsa ba ta jurewa shi zai fito fili ya nemi a cire ta. A 2022 kuma GNU make 4.4 ya zo da zaɓin --shuffle, wanda ke yamutsa jerin ayyuka da gangan, don mai manhaja ya ga ɓarakar a kwamfutarsa kafin ta isa hannun wasu.