Wutar Kainji da Kifayen Kogin Kwara

Wani kaso na wutar lantarkin ƙasarmu daga ruwa ake samun sa. A 1968 aka gama madatsar Kainji a kan Kogin Kwara, ta Jebba ta biyo baya a 1985, sai ta Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990. Ruwan da aka tare shi ke gangarowa da ƙarfi ya juya injuna, su kuwa su ba da wuta ba tare da hayaƙi ba.

Amma kogi gida ne na giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa da bargi. Kifaye da yawa sukan jira cikowar ruwa su shiga fadama su yi ƙwai, 'ya'yansu su girma cikin ciyawa. Idan bango ya tare ruwan, fadamun da ke ƙasa da madatsa sukan bushe, hanyar kifi ta toshe, Sarkawa masunta su koma gida da ƙwarya wofi.

To, mene ne mafita? A riƙa sakin ruwa daidai lokacin da kogi ya saba cika. A yi wa kifi hanyar wucewa a sababbin madatsu. A bar wasu rassan kogi ba tare da bango ba. Masunta kuma su daina amfani da raga mai ƙananan idanu.

'Yan'uwa ɗalibai, Allah ya ba mu amanar halittunsa. Mu nemi haske, kada mu kashe kogin.