Lexus NX ko Toyota C-HR: Wacce Za Ka Iya Riƙewa?

Sayen mota ba shi ne wuya ba, riƙe ta ne aiki. Shi ya sa duk wanda ya nemi shawarata kan Lexus NX da Toyota C-HR, nakan fara tambayarsa ƙarfin aljihunsa.

Gida ɗaya suka fito, domin Lexus reshen alfarma ne na Toyota. NX, wadda ta fito a 2014, ta fi faɗi, cikinta shiru, kujerunta da laushi. Amma injin NX 200t mai turbo ne. Yana son fetur mai kyau da baƙin mai na asali, kuma ba kowane bakanike ke iya taɓa shi ba. Idan fitilar gabanta ta fashe, farashinta a kasuwar Ƙofar Ruwa sai ya sa ka gumi.

C-HR, ta 2016, ba ta shan mai sosai, abin dubawa tun da aka cire tallafin mai a 2023. Aibinta, but ɗinta ƙarami ne, tagogin baya ma ƙanana, yara ba sa ganin waje sosai.

Mai iyali da doguwar tafiya, in da hali, ya ɗauki NX. Mai zirga-zirgar cikin gari kuwa, C-HR ta ishe shi.